Farar Riga ta Aro

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 

Yau daga bakin tasha za mu fara. Kowa ya san motar nan ta masu sayar da magani da ake ɗaura wa lasifika a ka, a girke ta gefen titi ranar kasuwa. Ku saurari mai maganin da kyau, domin ba da ka yake zuba ba. Da fari zai gaya muku ko shi wane ne: gadon gidansu ne, kakansa ya yi wa sarakuna magani, ga takardar shaida nan manne a gilashin mota. Sai ya sauke murya ya shigo cikin gidajenku. Kai da kake kwana juyi saboda ciwon baya. Ke da kika shekara bakwai a ɗaki ba ki goya ba, ana yi miki gori a tsakar gida. Daga nan sai lissafi: a asibiti kuɗin kati kaza, gwaji kaza, magani kaza, nasa kuwa ƙulli ɗari biyar, in bai yi ba ka dawo ka karɓi kuɗinka.

Na taɓa raka goggona kasuwa, ta tsaya gaban irin wannan mota ta sayi ƙulli uku. A hanyarmu ta komawa na ce, "Goggo, me ya sa kika yarda da shi?" Ta ce, "Ɗan nan, ai bawan Allahn nan ya san ciwona tun ban buɗe baki ba."

Ba ta ce ta ga wanda ya warke ba. Cewa ta yi ya san ciwonta. Wannan amsa ta goggo ita ce za mu tattauna a kanta yau.

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, wani masani a ƙasar Girka mai suna Aristotal, wanda ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya zauna ya yi nazarin abin da ke sa mutum ya gamsu da magana. Akwai dalilin da ya sa wannan ilimi ya bunƙasa a birnin Atina. A kotunansu ba a ɗaukar lauya ya tsaya maka. Kai da bakinka za ka kare kanka a gaban masu yanke hukunci ɗari biyu, ko ɗari biyar, duk 'yan gari ne irinka. Ga tukunyar ruwa mai huji tana ɗiga, in ruwan ya ƙare lokacinka ya ƙare. Wanda bai iya magana ba yana iya rasa gonarsa, ko ma ransa. Har sana'a ce a lokacin, ka biya wani gwani ya rubuta maka jawabi ka haddace.

Aristotal ya ce hanyoyin shawo kan mai sauraro uku ne. Ta farko ya kira ta itos, wato halin mai magana da amanar da ake gani a tare da shi. Ta biyu fatos, wato abin da maganar ta motsa a zuciyar mai ji, tsoro ne ko tausayi ko fushi ko kwaɗayi. Ta uku logos, wato hujjar da ke cikin maganar kanta. Littafin da ya rubuta a kan wannan ilimi ba baƙo ba ne ga duniyar Musulmi. Tun zamanin Abbasiyawa aka juya shi zuwa Larabci, Alfarabi da Ibn Sina suka yi aiki a kansa, Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi masa sharhi. Mai maganin tasha bai taɓa jin sunan ɗayansu ba, amma kun ji yadda ya jera ukun nan daidai wa daida.

A cikin ukun, ni a ganina amana ce ta fi nauyi, kuma ita aka fi yi mana fashi da ita. Shi ya sa zan daɗe a kanta.

Aristotal ya lura cewa muna ba mutum amana ne in mun ga abu uku: ya san abin da yake faɗa, mutumin kirki ne, kuma yana nufinmu da alheri. Ku tuna Malam Aminu Kano. Tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 har rasuwarsa a 1983, abin da ya sa talaka ya yarda da shi ba zaƙin harshe kaɗai ba ne. Gidansa na Gwammaja yana nan kowa na gani, suturarsa kowa na gani. Rayuwarsa ta riga bakinsa yin magana. Irin wannan amana shekaru ake yi ana tara ta.

To amma ana iya aro ta, kuma masu talla sun daɗe da gano hakan.

A shekarar 1946, kamfanin R.J. Reynolds na Amurka, mai yin taba sigari ta Camel, ya fito da wata talla da ta cika jaridu da gidajen rediyo. A ciki za ka ga dattijon likita, farar riga, fuska mai kwarjini, da sigari a hannu. Saƙon shi ne an tambayi likitoci 113,597 wace taba suke sha, kuma Camel ce ta zo kan gaba. Masu binciken tarihin taba sun nuna yadda ake samo irin wannan amsa: a je taron likitoci a raba musu kwalin Camel kyauta, sannan a tare su a tambaye su wace taba ce a aljihunsu. Kafin wannan, wajen 1930, masu Lucky Strike sun yi tasu, suka ce likitoci 20,679 sun shaida tabarsu ba ta cika kartar maƙogwaro ba.

Ku lura, masu sauraro. Tallar ba ta fito ta ce taba magani ce ba. Farar rigar aka ajiye a gabanka, aka bar ka ka ƙarasa maganar da kanka: tunda likita na sha, ai ba komai. A 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka wallafa bincikensu da ya danganta shan taba da sankarar huhu. A watan Janairun 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Tsakanin wancan hoton likita da wannan rahoto, Allah kaɗai ya san yawan matasan da suka kunna karansu na farko da kwanciyar hankali.

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, sai dai kafin katarar ta bayyana an riga an cuci mutane. Farar rigar nan har yau tana yawo. Tana cikin tallar man goge baki da ta sabulu. Wani lokaci ba riga ba ce, fuskar jarumin fim ce da kake so, yana ce maka ka sha wani haɗi na ƙarin kuzari. Gwanintarsa a fim gaskiya ce, amma me ya haɗa ta da sanin abin da haɗin zai yi wa ƙodarka? Wani lokaci rawani ne da carbi, a buɗe talla da basmala a rufe da salati, a tsakiya a cusa maka hajar da ba wanda ya gwada. Wannan ya fi ci mini rai, domin abin da muka fi girmamawa aka mayar abin ɗana tarko.

Sai kuma amanar da ba ta da ko fuska. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya karaɗe wayoyin mutane cikin dare ɗaya: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Da yawa daga cikinmu sun tuna wannan dare. Wa ya faɗa? An ce wani babba ne. Wane ne shi? Ba wanda ya tsaya tambaya, domin wanda ya kira ka ya tashe ka yayanka ne, ko innarka, mutumin da ba zai taɓa nufinka da sharri ba. Amanar ɗan'uwa ce ta ɗauko ƙaryar baƙo ta shigo da ita har ɗaka. Aka kwantar da mutane a asibiti saboda yawan gishiri, wasu suka rasa rayukansu, musamman da yake masu hawan jini ma sun sha.

Abin mamaki, mu ne al'ummar da ta gaji ilimin isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi sarƙar mutum bayan mutum: wa ya ji daga wa, sun haɗu kuwa, ya amanarsa, ya ƙarfin haddarsa. Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Duk da haka sai a turo mana murya a WhatsApp an ce wani babban likita ne a ƙasar waje, ba suna, ba asibiti, mu tura wa gidaje goma kafin mu kai ƙarshenta.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tashar, muna magana ne kan hanyoyin da mai jawabi da mai rubutu da mai talla ke bi su shawo kanmu. Yanzu sai taɓa zuciya.

Kada wani ya ɗauka cewa motsa zuciya laifi ne. Malamin da ke wa'azi a kan mutuwa har idanu su cika da ƙwalla ba yaudara yake yi ba, mutuwa gaskiya ce, kuma ta cancanci a ji tsoronta. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, ba alƙaluma ne suka sa mutane suka buɗe aljihu ba, ganin tsofaffi da yara a cikin ruwa ne. Zuciyar da ba ta motsi ba ta aikata alheri. Abin tambaya shi ne, abin da aka sa na ji ya dace da gaskiyar lamarin, ko an kunna shi ne don kada in yi tunani? Aristotal da kansa ya yi gargaɗi a kan karkatar da mai hukunci ta hanyar fusata shi ko sa shi tausayi. Mu a nan sai mu ce an lotsa tiya kafin a fara awo.

A ƙasar Rasha, a 1994, wani mutum mai suna Sergei Mavrodi yana da kamfanin zuba kuɗi da ake kira MMM. Tallarsa ta talabijin ba ta wahalar da kowa da lissafi ba. Wani talaka aka ƙirƙiro, direban motar haƙa ƙasa, ya zuba 'yan kuɗinsa, ya samu riba ya saya wa matarsa takalma. A talla ta gaba ya saya mata rigar sanyi mai tsada. Duk magidancin da ya daɗe yana jin kunyar matarsa saboda babu, ya ga kansa a wannan mutum. Miliyoyin mutane suka zuba, a cikin shekarar abin ya rushe.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, sunan nan dai, mutumin nan dai, abin ya iso Nijeriya. A nan sai aka sauya masa riga. Ba a ce zuba jari ba, cewa aka yi ba da taimako da karɓar taimako, kamar wani adashi na 'yan'uwa. Aka yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Wanda ya karɓa ana ƙarfafa masa ya ɗauki bidiyo yana godiya, ga sabuwar mota, ga kuɗin makarantar yara an biya. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, aka ce baƙin ciki ne. A tsakiyar Disambar 2016 aka daskarar da asusun kowa. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce kimanin mutum miliyan 3 ne abin ya shafa, asarar ta kai naira biliyan 18.

Da an ɗauki biro da takarda minti biyar, da an ga ramin. Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, in ba a taɓa ta ba, a shekara ɗaya ta haura miliyan 2. A shekara biyu ta haura miliyan 54. A shekara uku ta wuce biliyan ɗaya. Wace sana'a ce a duniya ke haihuwa haka? Kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbin shiga suka ragu, shi ke nan. Amma kwaɗayi da tsoron kada a bar ka a baya ba sa barin mutum ya nemi biro. Shi ya sa duk mai son ya cuce ka yake haɗa ka da gaggawa: yau ne kaɗai, saura gurbi biyar, gobe farashi zai tashi. Mai kaya na gari ba ya tsoron ka je ka kwana da shawara.

Akwai wanda ya fi asarar kuɗi muni, kuma a matsayina na mai magana ta wannan akwati ba zan tsallake shi ba. A ƙasar Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya fara aiki a 1993 da kiɗa mai daɗi da barkwanci, matasa suka so shi. A hankali ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, yana tsorata Hutu cewa in ba su riga kashewa ba za a kashe su. A 1994, cikin kwana ɗari, aka hallaka mutane wajen 800,000, rediyon yana karanto sunaye da wuraren da mutane suka ɓuya. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure jagororinsa. Duk lokacin da kakar zaɓe ta zo, na ji ɗan siyasa ya bar zancen ruwa da asibiti da taki ya koma cewa waɗancan mutanen za su cinye mu, Ruwanda nake tunawa.

Hujja kuwa, ba zan ja ta da nisa ba, illa in ce ita ma ana yi mata jabu. Lamba tana da kwarjini, 113,597 ta fi "likitoci da yawa" shiga kunne, alhali yadda aka tara ta shi ne abin dubawa. Sannan Aristotal ya gano wata dabara: mai magana yakan bar rabin hujjarsa bai faɗa ba, mai sauraro ya cike gurbin da abin da ya riga ya yarda da shi. Mai magani ya ce, "Na itatuwa ne zalla, ba shi da illa." Rabin da ya ɓoye shi ne wai duk abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Fito da wannan rabin fili ka dube shi. Zaƙami ma ai tsiro ne.

(Gajeren kiɗa)

Zan rufe da labarin da ya faru a gabanmu, wanda ya nuna cewa hujja, komai ingancinta, ba ta shiga gida sai amana ta yi mata sallama.

A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, Kano ce ta fi daɗewa. An yaɗa cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa. Masana suka zo da sakamakon gwaji, suka zo da alƙaluma, mutane suka toshe kunne. Daga nesa wasu suka ce jahilci ne. Ni ban yarda jahilci ne kaɗai ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma tambayar da iyaye ke yi, wadda ba ta wauta ba ce: ɗana na zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo ni da shi har gida kyauta?

Amma dakatarwar ta jawo babbar asara. Ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Yaran da suka shanye a wannan tsakani suna nan tare da mu, sun girma a kan keken guragu.

Da me aka shawo kan lamarin? Maganin bai canza aikinsa ba, masu kawo shi ne suka canza. Kano ta koma rigakafi a watan Yulin 2004 bayan ta tura nata mutanen sun duba, aka kuma samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Shugabanni suka riƙa ɗiga wa yara a bainar jama'a. Daga baya sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, suka ɗauki abin a kafaɗarsu, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki, su ne masu shiga gida gida. Waɗanda cutar ta nakasa suka fito da kansu suna cewa iyaye, ku dube mu. Aka fara haɗa ɗigon da duba zazzaɓi da ba da wasu magunguna, domin a amsa waccan tambaya ta iyaye da aiki.

Ba a samu wannan a sauƙaƙe ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. Allah ya jiƙansu. Sauran ba su fasa fita ba. An ga na ƙarshen wanda ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Nijeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Nan za mu dakata a yau.  

(Kiɗan rufe shiri)